Ɗigo Biyun Da Na Hana

Akwai wani rubutun alli da na yi shekaru ina gogewa daga jikin garun gidanmu a Daurawa. Duk wanda ya zauna a Kano cikin shekarun 2000 ya san irinsa. Idan matan nan masu rigakafin foliyo suka shiga gida suka fito, sai ɗaya daga cikinsu ta ciro alli ta yi wasu zane-zane da lambobi a jikin ƙofa ko garu, domin masu biyo bayansu su san yara nawa ne a gidan, nawa aka ɗiga wa, nawa ba a samu ba. Namu gidan alamarsa daban ce, alamar gidan da maigida ya ƙi. Ni ne maigidan. Da sun juya baya sai in fito da tsumma da ruwa a buta in wanke garun tas, kamar wanda kaza ta yi wa kashi a tabarma.

Kafin mai karatu ya yanke mini hukunci, bari in gaya masa ko ni wane ne a lokacin. Malamin makarantar firamare ne ni, ina da takardar NCE, ba na wuce labaran BBC na safe da na dare, kuma ni ne wanda maƙwabta kan kawo wa takardar magani in karanta musu. Na faɗi wannan ne saboda duk abin da aka rubuta a kanmu a wancan zamani, daga Abuja ko Legas ko Turai, kalma ɗaya yake zagayawa a kai, wato jahilci. To ni dai na san ba jahilci ne ya tsayar da ni a bakin zaure ba. Abin da ya tsayar da ni ya fi jahilci wuyar magani.

Ɗana na fari namiji ne, sunan mahaifina muka sa masa, shi ya sa ake ce masa Abba. Da ya cika wata 9 uwarsa ta goya shi ta tafi ƙaramin asibitin da take zuwa awo, domin a yi masa allurar ƙyanda. Aka ce allura ta ƙare, ta dawo mako mai zuwa. Ta koma, aka ce akwai allura amma ba za a fasa kwalba saboda yara 3 ba, domin kwalba ɗaya ta yara 10 ce, kuma in an fasa ba ta kwana. Ta koma karo na uku ta tarar ma'aikata na yajin aiki. Daga nan ta gaji, ni kuma ban matsa ba. A bazarar 2001 ƙyanda ta shigo layinmu, ta kwantar da yara gida-gida. Abba ya kwana 4 yana zazzaɓi, ƙuraje suka fito suka koma, numfashinsa ya fara sarƙewa. Muka ɗauke shi cikin dare a kan acaɓa, uwarsa na rungume da shi a baya. A asibitin da muka je, ba zan kama suna ba, sai da na sayi kati, na sayi safar hannu, na sayi sirinji, na sayi ruwan da za a ƙara masa, har filastar da za a manne allurar a hannunsa ni na fita na sayo a kemis ɗin da ke tsallaken titi. Albashi bai shigo ba, sai agogona na bar wa mai kemis jingina. Kwanansa 2 a can ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Ba a yi wata 3 da binne shi ba aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na ga mata biyu da wani ɗan akwati na sanyi a rataye, suka ce daga gwamnati suke, sun kawo wa yara maganin rigakafi kyauta. Kyauta! Har gida! Na tsaya ina kallonsu kawai. A raina na ce, ashe dai gwamnati ta san hanyar gidana.

Wannan tambayar ce ta cika Kano, ba ni kaɗai ba. Muna da wata majalisa a gindin dalbejiya, kusa da mai shayi, a hanyar da ke fita titin Maiduguri. Akwai tela, akwai direban tanka, akwai wani ma'aikacin kotu da ke aiki a Gyadi-Gyadi, akwai 'yan kasuwar Tarauni biyu. Kowa a cikinmu ya taɓa binne yaro ko ɗan ɗan'uwa saboda ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, ko gudawa. Babu wanda ya taɓa binne yaro saboda shan inna. Sai tela ya ce, ku gaya mini, wace irin ƙauna ce wannan, mutumin da bai ba ka Panadol kyauta ba kana kwance, shi ne zai biyo ka har ɗaka da maganin ciwon da ba ka da shi? Ruwa dai ba ya tsami banza. Babu wanda ya iya ba shi amsa, domin a gaskiya amsar ba ta hannun kowa a wurin.

Sannan ga maganar Pfizer, wadda a lokacin ɗanyen ciwo ce. A 1996 an yi annobar sanƙarau da ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, kuma Kano na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya turo ma'aikatansa Asibitin Zana, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani tsoho domin a kwatanta. Yara 11 suka mutu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna ba maganinsa ba, kuma ya ce ya nemi izini. Iyaye da yawa suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, sun ɗauka taimako ne irin na sauran Turawan da ke aikin jinya a harabar. Ba mu ji cikakken labarin ba sai a ƙarshen shekarar 2000, da jaridar Washington Post ta tona, gidajen rediyo suka fassara mana. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sai a 2011 iyalai 4 na farko suka karɓi diyya. Amma a 2003 babu sasantawa babu diyya, abin da ke akwai shi ne yaran da suka kurumce suna yawo a cikin gari. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A watan Maris na 2003 Amurka ta afka wa Iraƙi, muna jin ƙarar bama-bamai ta cikin rediyo a gindin dalbejiya. Dattawan majalisar kuma ba su manta da tsarin ƙayyade iyali na zamanin Babangida ba, na 1988, wanda ya ce kowace mace ta tsaya a 'ya'ya 4. Saboda haka da marigayi Dakta Datti Ahmad, likita ne kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ya fito ya ce akwai shakku a kan maganin foliyo, ana zargin an gauraya shi da sinadarin hana haihuwa, sai maganar ta sauka a ƙasar da ta riga ta jiƙa. Likita ne fa ya faɗa, ba boka ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ba ta daɗe da hawa ba, ta dakatar da rigakafin a duk faɗin jihar har sai an bincika. Zamfara da Kaduna su ma suka bi na ɗan lokaci. Ranar da aka sanar, na ji wani irin daɗi a raina, irin daɗin mutumin da aka daɗe ana yi wa kallon mai taurin kai sai ga hukuma ta zo ta tsaya a bayansa.

A lokacin muna da jaririya, an haife ta a ƙarshen 2002. Sunan mahaifiyata ta ci, muna ce mata Ummi.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya kai shekaru ya sani. Aka yi ta gwaje-gwaje, wannan kwamiti ya ce ya ga ɓurɓushin sinadarin mata a ciki, wancan ya ce bai ga komai ba, wani ya ce abin da aka gani bai kai ya yi wa ko ɓera illa ba. Gwamnatin tarayya ta tura tawaga da malamai da likitoci ƙasashen waje su ga yadda ake haɗa maganin. Daga ƙarshe aka samo mafita wadda kowa zai fita kunya: za a sayo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. A ƙarshen watan Yuli na 2004 gwamna da kansa ya ɗiga wa yara a bainar jama'a, bayan kusan shekara guda ana ja. A watan Oktoba Shugaba Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa 'yar gwamnan ta cikinsa, duniya na kallo.

A nan ne labarina ya rabu da labarin gwamnati, kuma a nan ne ba ni da wanda zan ɗora wa. Gwamnati ta sauko, ni ban sauko ba. Na ce an saye su ne. Na ce wa ya san abin da ke cikin kwalbar da aka ɗiga wa 'yar gwamna, ai ba irin wadda za a kawo Daurawa ba ce. In gaskiya za a bi, na riga na yi magana da yawa a majalisa, na zama kamar limamin masu ƙi, duk wanda ke shakka wurina yake zuwa in ƙarfafa masa gwiwa. Yaya zan yi in koma in ce a shigo? Girman kai ne, amma a lokacin sunan da na ba shi kishin al'umma.

Ina tuna wata ranar Asabar da suka zo, wata dattijuwa ce ke jagorantar 'yan matan, daga gani ta girmi uwata ko sa'arta ce. Ta gaishe ni cikin ladabi ta ce, "Malam, a taimaka a fito mana da yaran, ɗigo biyu ne kawai."

Na ce, "Baba, da ɗana yake mutuwa ina kuke?"

Ta yi shiru. Can ta ce, "Allah Ya jiƙansa, ɗana. Ni ma na binne uku. Amma wannan da ke raye fa?"

Na ce ta tafi kawai. Ta sa yarinyar ta yi rubutunsu a garu, suka wuce gidan gaba. Da na shiga ciki na tarar da mai ɗakina tsaye a bayan labule da Ummi a hannu, har ta sa mata hula. Ta ce, "Malam, da ka bari an ba ta. Matar liman ma ta bari." Na ce in ta kuskura ta fitar mini da 'ya ko ina nan ko ba na nan, ban yafe ba. Ba ta ƙara cewa komai ba. Matan da yawa a layinmu sukan faki ido su miƙa yaran ta ƙofar baya in maigida ya fita, daga baya su goge shuɗin tawadar da ake shafa wa yaro a ɗan yatsa da kananzir. Tawa ba ta yi ba. Ta bi maganata, kuma yau ba abin da nake fata a duniya kamar a ce ta saɓa mini.

Da daminar 2005, Ummi tana da shekara 2 da wata 8, tana gudu ko'ina, ba ta barin kajin Hajiya su huta. Ta yi zazzaɓi kwana 2, muka sayo magani a kemis, jiki ya yi sanyi. Ranar ta uku da safe uwarta ta tsayar da ita za ta yi mata wanka, sai ta sulale ta zauna. Ta sake tsayar da ita, ta sake zubewa. Ƙafar hagu ta saki gaba ɗaya, in ka ɗaga ka saki sai ta faɗi kamar tsumma. Ba kuka take ba ma, kallonmu kawai take, tana mamakin abin da ya hana ƙafarta jin magana.

Hajiya mahaifiyata da ta zo ta duba, sai ta ce Inna ce ta sha ƙafar. Haka muka gada, sunan ciwon ma daga nan ya fito, wai wata aljana ce ke shanye gaɓar yaro. Aka kawo turare, aka yi tofi, aka shafa wani mai. Ni da na yi boko na tsaya ina kallo ban hana ba, domin a ranar na fi son a ce Inna ce. In Inna ce, ba ni ba ne.

Bayan kwana 5 muka kai ta asibiti. Likitan ya ƙwanƙwasa gwiwar da 'yar gudumarsa, ƙafa ba ta motsa ba. Ya tambayi uwar ko an taɓa ɗiga mata, ta sunkuyar da kai. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Ya rubuta wani abu a takarda. Kashegari sai ga wata farar mota ƙirar jif ta shigo layinmu, tana tsallake kwatoci, ta tsaya daidai ƙofar gidana. Mutum biyu suka fito da akwatin sanyi da 'yan robobi. Sun zo karɓar kashin Ummi ne, sau biyu, yau da gobe, za a kai ɗakin gwaji, domin a Ibadan da Maiduguri ne ake da wuraren da ke tabbatar da ƙwayar cutar. Mutane ne masu kirki, sun yi mana bayani, ba su karɓi ko kwabo ba. Amma ina tsaye ina kallon motar nan sai Abba ya faɗo mini a rai. Shi da yake neman numfashi, a kan acaɓa muka kai shi, har na jinginar da agogo. Ga kashin ƙanwarsa an turo masa mota mai sanyi. Har yau in na tuna wannan sai in rasa wanda zan ji haushi, ni ko su.

Sakamako ya dawo bayan makonni, foliyo ce.

Daga baya ne na zauna na koyi abin da ya kamata in koya tun farko. Ƙwayar cutar ta hanyar bayan gida take yaɗuwa, ta shiga ruwa ko abinci ko hannun yaro, kuma duk wanda ya san lambatun Daurawa da Unguwa Uku da damina ya san ba ta rasa hanya ba. Cikin yara kusan 200 da za ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanye wa gaɓa, sauran su yi ta yawo da ita ba wanda ya sani. Shi ya sa ba mu ganinta kamar yadda muke ganin ƙyanda. Kuma dalilin da ya sa duniya ta nace a kanta shi ne tana cikin 'yan cututtukan da za a iya kawar da su kwata-kwata daga doron ƙasa, kamar yadda aka yi wa agana, tunda ba ta zama a jikin dabba sai mutum. Tun 1988 aka ɗaura wannan niyya, kuɗin kuma daga waje yake zuwa da sharaɗin a kan foliyo za a kashe shi. Wato amsar tambayar tela ke nan: ba mu aka fi ƙauna ba, ba kuma mu aka fi ƙi ba, ciwon ne ake so a gama da shi, mu kuwa a kan hanya muke. Da wani ya zauna a gindin dalbejiya ya faɗa mana haka ƙarara, ina jin da mun fi yarda da shi fiye da masu cewa saboda tausayinmu ake yi.

A 2002 yara 202 aka ƙirga foliyo ta nakasa a Nijeriya. A 2006 sun haura 1,100. Ƙwayar da ta tashi daga nan ta bi matafiya da alhazai ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yemen, har ita kanta Indonesiyar da muka sayo magani a wurinta. Ummi ɗaya ce a cikin waɗannan lambobi, a layin 2005.

Na daɗe ina neman abin da zan jingina da shi, kuma na samu, domin mai neman uzuri ba ya rasawa. Na ji likitoci da kansu suna cewa a irin yankinmu mai yawan gudawa ɗigon ba ya kamawa da wuri, akwai yaran da aka ɗiga wa sau 3 ko 4 kuma ciwon ya same su. Sai na ce to ka gani, ko da na bari ma ba tabbas. A 2007 kuma aka bayyana cewa yara 69 a Arewa sun nakasa ta dalilin ƙwayar da ta samo asali daga cikin maganin kansa, domin raunanniyar ƙwaya ce ake ɗigawa, kuma in ta sami gari mai yawan yaran da ba a yi wa rigakafi ba takan yi ta zagayawa har ta sake yin ƙarfi. Ranar da na ji wannan har da saurina zuwa majalisa. Sai da na zauna na fara bayani na ji abin da bakina ke faɗa: yaran da ba a yi wa ba su ne itacen wutar. Wato irin gidana. Na yi shiru a tsakiyar magana, mai shayi ya ɗauka ƙwarewa na yi. Amma ina nan a kan cewa hukuma ta yi kuskure da ta yi ta jan ƙafa kafin ta gaya wa mutane wannan magana. Mutanen da aka taɓa ɓoye wa abu a Asibitin Zana ba a sake yi musu ɓoyo, ko da gaskiyar mai ɗaci ce.

Abin da ya ba ni dariya mai ciwo shi ne yadda daga 2006 aka canza salo. Sai ga masu rigakafi sun fara zuwa da sabulu, da maganin tsutsar ciki, da sinadarin bitamin A, wani lokaci da gidan sauro, kuma aka haɗa da allurar ƙyanda a wuraren da aka kafa a ƙofar gidan mai unguwa. Wato dai an ji maganar tela, sai dai sai da yara suka gurgunce aka ji. Jama'a kuma suka gane cewa ɗigon nan shi ne abu ɗaya tak da gwamnati ke nema a hannunsu, sai ya zama abin ciniki. Unguwa guda sai ta haɗa baki ta ce ba za a ɗiga wa yaro ko ɗaya ba sai an gyara taransifoma, ko an haƙa rijiyar burtsatse, ko an yashe kwata. Kada mai karatu ya yi saurin zaginsu. Talakan da bai da lambar kowa a waya, ya gano cewa bakin ɗansa ne kaɗai ƙofar da shugaban ƙaramar hukuma zai zo ya durƙusa a gabanta. A 2009 aka sa sarakuna a gaba ƙarƙashin Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga bin gida-gida, wannan ya yi aiki ƙwarai. A 2011 gwamnatin Kano ta yi barazanar gurfanar da iyayen da suka ƙi. Wannan kam ban ga amfaninsa ba, domin na san kaina, da a zamanin taurin kaina aka zo da ɗan sanda da sai dai a ɗaure ni.

Ni ban fito na yi wa kowa wa'azi ba. Abin da na yi kawai, na daina wanke garu. Ƙannen Ummi 3 duk an ɗiga musu, duk zagayen da aka zo, har sai da uwarsu ta fara cewa anya ba a yi yawa ba. Majalisa ta lura, ba wanda ya ce mini uffan, domin duk suna ganin Ummi tana jan ƙafa zuwa makarantar allo. A Asibitin Ƙashi na Dala aka yi mata takalmin ƙarfe, muka yi shekaru muna zuwa gashi, duk shekara biyu a canza takalmin saboda girma.

Ranar Juma'a 8 ga Fabrairu 2013, ina aji, aka ce an yi harbi a Unguwa Uku, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Tarauni, da kuma Hotoro. 'Yan bindiga ne suka buɗe wuta a kan masu rigakafin foliyo a ƙananan asibitoci biyu, mata 9 suka rasu. Mata ne irin waɗanda na sani, masu fitowa da sassafe saboda ɗan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba. Ban san su waye suka harbe su ba, kuma ni ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Amma daren nan ban yi barci ba, ina ta tunanin dattijuwar nan da ta ce mini ɗana. Ban san sunanta ba, ban san ko tana cikinsu ba, ban ma san ko tana raye a lokacin ba. Na dai san cewa shekaru na yi ina gaya wa duk mai saurarona cewa abin da ke cikin akwatinta guba ne.

Yaro na ƙarshe da foliyon daji ta nakasa a jihar Kano a Sumaila yake, a watan Yuli na 2014. Ta sake ɓullowa a Borno a 2016, daga nan shiru. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka sanar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita, ko da yake ita waccan mai fitowa daga magani ba ta gama ɓacewa ba, shi ya sa aka ci gaba da zagaye. Na ji sanarwar a rediyo ina zaune a tsakar gida, Ummi na gefe tana yankan alayyafo, sandarta jingine da bango. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da aikinta.

Sai dai tambayar tela tana nan ba ta mutu ba, shi ma telan ya riga mu gidan gaskiya. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cikawa ba. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa wadda ta ware kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, sai da aka shekara 4 kafin a fara sa kuɗin a kasafi. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, yara suna mutuwa da maƙogwaro a toshe. Ciwo ne da rigakafinsa ya kusa shekara 100 a duniya, yana cikin allurar da ake yi wa jariri a cinya a sati 6 da 10 da 14. Yaran da suka mutu da yawansu ba a taɓa yi musu ba. Wasu iyayensu irina ne na da. Wasu kuma irin mai ɗakina ce ta shekarar da ta goya Abba sau 3 ta dawo.

Ummi ta yi aure bara waccan, a Darmanawa take, tana ɗinki da keken hannu. Ban taɓa zama na gaya mata abin da ya faru ba, uwarta ma ba ta taɓa yi mini gori ba ko da wasa, kuma wannan shirun ya fi mini zagi nauyi. Da ta haihu ta zo wankan gida, ranar da jaririn ya cika sati 6 mijinta ya yi tafiya, sai ta ce, "Baba, ko za ka raka ni asibiti? Ba na iya hawa a-daidaita-sahu da shi da sanda."

Na karɓi yaron, muka fita. A cikin a-daidaita, muna tsaye a cunkoson titin Zariya, na ga in ban faɗa yau ba ba zan taɓa faɗa ba. Na ce, "Ummi, ƙafar nan taki, ni na hana a ɗiga miki."

Ta ce, "Na sani, Baba. Tun ina aji uku Hajiya ta gaya mini."

Na ce, "Ba ki taɓa tambayata ba."

Ta gyara wa yaron hula a hannuna ta ce, "To me za ka ce mini?"

Muka isa muka tarar da mata sun cika benci har waje, ni kaɗai ne namiji, sai kallona ake ana murmushi. Muka yi kusan awa 2. Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta matse kumatun yaron ta ɗiga masa biyu a baki, ya yamutsa fuska, ta yi masa allura a cinya ya tsala ihu. Ta duba katin ta ce saura guda ɗaya, amma wannan ta ƙare tun jiya, a dawo ranar Talata.

Ummi ta kalle ni. Na ce wa ma'aikaciyar, "Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

Ta ce takwas. Na ciro biro na rubuta a tafin hannuna.